Lacca a WhatsApp: Wa Ke Gyara wa Ɗalibi Kuskurensa?

Ka ɗauka kai ɗalibi ne ɗan Sifawa, a ƙaramar hukumar Boɗinga, kana karatun digiri a cikin garin Sakkwato. Ka zo gida hutun ƙarshen mako, wayarka ta kwana biyu babu caji. Ranar Lahadi da dare ka kunna data, sai ga saƙonni suna ta kwararowa guruf ɗin ajinku: gayyatar ɗaurin aure, tallar turare, gardamar ƙwallo. Can a tsakiyarsu akwai fayil ɗin PDF mai shafi sittin da wakilin aji ya turo, da layi ɗaya a ƙasansa: gobe akwai tes. A wurare da yawa, wannan ake kira koyarwa ta intanet. Ni kuwa ina ganin sunan ya fi abin girma.

Ka san yadda aka faro. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ƙungiyar ASUU kuma ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. A 2022 aka sake wani daga Fabrairu zuwa Oktoba. A waɗannan watanni, WhatsApp da Telegram ne suka riƙe zumunci tsakanin ɗalibai da malamansu. A yi adalci, sun yi rana: kusan duk mai babbar waya yana da WhatsApp, ba ya cin data sosai, kuma saƙo na fita ko da sabis ya yi rauni.

To, ina matsalar? Hanyar ta zama mai tafiya babu dawowa. Malami ya turo, ɗalibi ya sauke, shi ke nan. Wasu ma kulle guruf ɗin suke yi yadda admin kaɗai ke iya magana. Ka ga an ɗauki manhajar da aka gina domin mutane su yi musayar zance, an mai da ita allon sanarwa. Tsohuwar takardar lacca ce dai da ake bugawa a shagon fotokwafi, ta sauya riga.

Bincike ya nuna abin da ake asara a nan. A 2014, Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara nazari 225 kan azuzuwan kimiyya, lissafi da injiniya, suka buga sakamakon a mujallar PNAS. A azuzuwan da malami ke magana ɗalibai na sauraro kawai, kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa. Inda ɗalibai ke warware tambaya da kansu suna tattaunawa, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. Dalilin ba boyayye ba ne. In kana karanta abu, sai ka ji kamar ka gane. Sai an ce ka maimaita da bakinka gibin zai fito, a nan ne kuma wani zai iya gyara maka. A aji aka yi waɗannan nazarce-nazarce, amma babu dalilin da zai sa waya ta canja ƙa'idar.

Mutumin Sifawa bai buƙatar a je masa Amurka kafin ya fahimci wannan. A garin ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato. Tsarin karatun zaure da muka gada har gobe haka yake: ɗalibi ne ke jan baƙi, malam na fassara, in ya yi tuntuɓe a tsayar da shi nan take. 'Yarsa Nana Asma'u ta kai abin nesa: ta horar da jajis, su kuma suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka, suna dawowa wurinta. Karatu daga nesa ke nan, babu waya babu data, amma akwai zuwa akwai dawowa.

Sannan akwai tambayar wa ake bari a baya. Malamin da ke zaune a ofis mai Wi-Fi ya ce a haɗu a Zoom ƙarfe takwas na dare, ya manta ɗalibinsa na Shagari yana auna data kamar mai auna gero a watan bakwai na damina. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. A Satumbar 2021 kuwa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Twitter ma an dakatar da shi a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Darasin da ya dogara kacokan ga manhajar wani kamfani, a rana ɗaya zai iya ɓacewa. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: a guruf, lambar wayar kowa a fili take. Tambayi ɗalibai mata irin saƙonnin da ke biyo baya, za ka gane abin da ya sa wasu ke yin shiru ko su fice.

Wataƙila ka ce: malami ɗaya da ɗalibai ɗari biyar, ta yaya zai duba aikin kowa? Gaskiya ce, cunkoso babbar matsala ce. Sai dai ba lallai ne kowane gyara ya fito daga malami ba. Tun farkon shekarun 1990 Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, yake jefa wa babban aji tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Ana iya yin haka da ƙuri'ar da ke cikin WhatsApp ko Telegram. A raba aji gida-gida, mutum biyar ko shida, su rubuta aiki ɗaya a Google Docs, inda tarihin gyara ke nuna wanda ya yi aiki da wanda ya laɓe. Ɗaliban tarihi na iya inganta shafin garinsu a Wikipedia ta Hausa, su ga yadda baƙo zai nemi hujjar abin da suka rubuta. Kayan karatu kuwa su zauna a manhajar jami'a irin su Moodle, wadda ke ba ɗalibi damar sauke darasi ya karanta ko babu sabis. A fifita rubutu da gajeren saƙon murya a kan bidiyo, a kuma ba da wa'adin kwanaki maimakon sa'o'i.

Saboda haka, in an ce maka wani kwas ya koma na zamani, kada ka tsaya kan sunan manhajar. Tambayi ɗalibi ɗaya: a zangon nan, sau nawa ka rubuta wani abu da kanka, wani ya karanta ya nuna maka inda ka kuskure? In ya ce ko sau ɗaya babu, to datarsa kawai aka ƙona.