Mario cikin minti biyar: Andrew Gardikis da al'adar tseren gem

Duk wanda ya taɓa zama a gaban talabijin da 'yar na'urar gem mai kaset ya san ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fitar da Super Mario Bros. a 1985, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka kuma su suka jagoranci tsara shi. Duniya takwas ce a ciki, kowace da mataki huɗu, jimilla 32, a ƙarshe ka kayar da dodo Bowser ka ceto gimbiya. Yara da yawa sun yi watanni suna fama ba su ga gimbiyar nan ba. Amma akwai waɗanda isa wurinta ya daina zama abin magana a gare su tun tuni. Abin da suke tambaya shi ne a minti nawa, sakan nawa, har ɗigon sakan nawa za a iso.

Wannan al'ada ta ƙare gem da iyakar sauri ta samu gindin zama ne da Doom na 1993, saboda gem ɗin yana ba mutum damar naɗar wasansa a ɗan ƙaramin fayil ya aika wa wasu su kalla su tabbatar. Daga nan aka samu dandalin Speed Demos Archive a 1998. Sai dai babu inda sana'ar ta nuna kanta sarai kamar a Mario, kuma a tarihin Mario sunan da ba a tsallake shi ne Andrew Gardikis, ɗan Amurka, wanda abokan wasa suka fi sani da AndrewG. A 2007 ya ƙare gem ɗin a minti biyar da 'yan burbushi. Ya shafe sama da shekara uku yana kai ruwa rana da wannan katanga kafin ya sauko 4:59 a ƙarshen 2010, mutum na farko da ya yi haka, sannan ya kai 4:58. Kambun ya zauna a hannunsa kusan shekara bakwai, har 2014.

Wanda bai san gem ɗin ba zai ce shekara uku a kan sakan ɗaya ɓata rayuwa ne. Kafin a yanke wannan hukunci, ya kamata a ga abin da ke cikin sakan ɗin.

Mai tsere ba ya bin matakai 32. Takwas kawai yake takawa. A mataki na biyu akwai ɓoyayyen ɗaki mai bututu uku, ɗaya yana jefa Mario duniya ta huɗu, daga can kuma wani ɗakin yana jefa shi ta takwas. Masu gem ɗin ne suka ajiye waɗannan hanyoyi da kansu, kowa ya san su. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Na'urar tana zana hoto wajen 60 a kowane sakan, kuma idan Mario ya gama mataki, ba nan take ake wucewa na gaba ba. Gem ɗin yana dubawa ne sau ɗaya a kowane hoto 21, wato kusan sakan 0.35. Masu tsere sukan kwatanta abin da bas mai tashi a kan lokaci, ba irin motar tasha mai jiran fasinja su cika ba. Ko ka riga kowa isowa, sai lokacin tashi ya yi. Idan kuwa ka makara da hoto ɗaya tak, ta tafi, sai ta gaba. Saboda haka mutum zai iya goge wasansa ya rage hoto goma a mataki guda, agogo ya nuna masa bai rage komai ba. A fadar ƙarshe ce kaɗai wannan ƙa'ida ba ta aiki, domin ana tsayar da agogo ne da zarar Mario ya taɓa gatarin da ke bayan Bowser. A can kowane hoto kuɗi ne.

Hatta murnar da gem ɗin ke yi wa mutum asara ce. Idan Mario ya kama sandar tutar da ke ƙarshen mataki alhali lambar ƙarshe ta agogon allo tana kan 1 ko 3 ko 6, sai a harba wutar biki a saman ganuwa. Yaro yana tafi, mai tsere kuwa gabansa faɗuwa yake, don bas ɗinsa ke shirin tashi.

Sai maganar ɓaraka, wato kurakuran da suka saura a cikin shirin gem ɗin, waɗanda a kansu aka fi jayayya. Misali a mataki na biyu na duniya ta huɗu: hanyar da aka tsara ita ce ka daki wani tubali, wani tsiro mai yaɗo ya fito, ka jira ya girma, ka hau. Amma gem ɗin wurin zuwa ɗaya kawai yake iya riƙewa a ƙwaƙwalwarsa a lokaci guda, kuma yana sauya shi ne gwargwadon yadda allo ya gusa. Idan aka san yadda za a tura Mario ya ɗan wuce inda ya saba tsayawa a allo, sai ya faɗa bututun gaba tun gem ɗin bai sauya lissafi ba, ya tsinci kansa a inda tsiron ke kaiwa ba tare da ya hau komai ba. Wasu suna kiran wannan maguɗi. Ni ban yarda ba. Ba a taɓa kaset ba, ba a ƙara wa na'ura komai ba. Mutum ne ya zauna ya karanci halin gem ɗin har ya san shi fiye da yadda takardar bayaninsa ta faɗa, kuma aikata dabarar da yatsu ya fi bin hanyar asali wuya nesa ba kusa ba. Wanda kuma ba ya son ɓaraka, an ware masa rukuninsa da nasa jadawalin.

Maguɗi na gaskiya daban yake, kuma al'adar ta ɗanɗana shi. Todd Rogers ya daɗe yana iƙirarin ya yi sakan 5.51 a gem ɗin Dragster na Atari tun 1982. Da aka warware shirin gem ɗin layi bayan layi, aka ga ba zai yiwu a sauka ƙasa da 5.57 ba, sai hukumar Twin Galaxies mai ajiye sakamakon gem ta soke sakamakonsa a 2018. Shi ya sa a yau faɗar baki ba ta wadatarwa. Ana son bidiyo cikakke, galibi ana wasan kai tsaye mutane na kallo, masu tantancewa kuma suna ƙirga hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina a rayuwar wasan Gardikis shi ne abin da ya biyo bayansa. Sharaɗin wannan fage shi ne ba ka da kambu sai ka nuna yadda ka yi. Hujjarka ita ce darasin abokin hamayyarka. Duk tsallen da Gardikis ya sha wuya kafin ya daidaita, na baya sun same shi a shimfiɗe, sun dakatar da bidiyo, sun mayar baya, sun kwafa, sun ɗora nasu. Blubbler ya sauko 4:57 a 2014, Darbian ya kai 4:56 a 2016, Kosmic ya yi 4:55.913 a Satumbar 2018, Niftski ya yi 4:54.948 a Afrilun 2021, shi kuma da madannan kwamfuta yake wasa a manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar. A nan nake ganin jadawalin sakamako yana tauye haƙƙi. Lamba yake jerawa, ƙarama a sama, don haka wanda ya sare dajin yana ta gangarawa ƙasa kowace shekara. Baƙo zai duba ya ɗauka yaran yau sun fi Gardikis hannu ne kawai, alhali shi ya yi tafiyarsa a lokacin da ba a ma tabbatar ɗan Adam zai iya sauka ƙasa da minti biyar ba.

Wannan hali na buɗe sani shi ya haifi tarukan Games Done Quick, da aka fara a 2010, inda masu tsere ke wasa dare da rana na mako guda, suna bayyana wa masu kallo kowace dabara, ana tara gudummawa. Kuɗin taron bazara ƙungiyar likitoci ta MSF ake ba wa, wadda mutanen Maraɗi da Zamfara suka san aikinta da idonsu.

Akwai kuma wani ma'auni da ke rataye a kan kowa. Ana iya tsara wasan Mario da kwamfuta, hoto bayan hoto, ba kuskure ko ɗaya, kuma bisa ƙa'idojin da mutane ke bi wannan wasa yana ƙarewa a 4:54.265. A Satumbar 2023 Niftski ya yi 4:54.631. A matakai bakwai na farko bai rasa bas ko ɗaya da kwamfutar ta kama ba. Tazarar da ta rage a lokacin hoto 22 ce, dukkansu a cikin fadar Bowser, tsakanin ƙofar shiga da gatari.