Maganin tsaida balaga a Birtaniya: rigimar kalmomi biyu

Ƴan uwa ɗalibai, a fannin nazarin harshe ana koya mana cewa kalma tana iya yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a. Rigimar maganin tsaida balaga a Birtaniya ta nuna mini haka.

Shi wannan magani yana hana jiki sakin sinadaran da ke kawo balaga. An daɗe ana ba yaran da balaga ta zo masu da wuri sosai. Daga baya likitocin Holand suka fara ba matasan da ke cikin damuwar jinsi, wato waɗanda ke jin jikinsu bai dace da jinsin da suke ji a ransu ba.

Kalma ta farko ita ce "dakatarwa". Masu goyon baya sun ce maganin hutu ne kawai, yaro ya samu lokacin tunani. Kalmar tana da daɗin ji, amma a wani bincike na asibitin Tavistock da ke Landan, 43 cikin matasa 44 da suka sha shi sun wuce zuwa maganin sauya siffar jiki. Ga kuma fargabar da ake yi kan ƙwarin ƙashi. To hutun da kusan kowa ke fita ta ƙofa guda, anya hutu ne?

Kalma ta biyu ita ce "rauni". Likitar yara Hilary Cass, wadda aka ɗora wa binciken lamarin a 2020, ta fitar da rahotonta a Afrilun 2024, ta ce hujjojin amfanin maganin suna da rauni ƙwarai. Raunin hujja na nufin ba a sani ba tukuna. Amma da zancen ya shiga bakin ƴan siyasa, sai "ba a sani ba" ta riƙa fita kamar "an tabbatar". A watan Mayun 2024 ministar lafiya Victoria Atkins ta yi dokar gaggawa ta hana sabbin marasa lafiya ƴan ƙasa da shekara 18 samunsa wajen likitoci masu zaman kansu. A Disamba, Wes Streeting na jam'iyyar Leba ya maida hanin na sai baba ta gani, za a sake duba shi a 2027.

Ni dai ban ga laifin gwamnati ba don ta yi taka-tsantsan da jikin yara, ai aikinta ke nan. Inda nake sukarta shi ne jerin matakan. Idan matsalar rashin sani ce, maganinta bincike. Cass kanta ta ba da shawarar gwajin asibiti, sai ga hani ya riga gwaji isowa. An rufe sashen Tavistock a Maris 2024, alhali yara sama da 5,000 na kan layin ganin likita. Balaga kuwa ba ta jiran layi, kuma yaron da ke cikin ƙunci yana buƙatar mai sauraronsa ko da magani ko babu.

Na san da yawa cikinmu za su ce wannan zancen Turawa ne. Ko mi mutum yake gani game da shi, ya kamata ya iya tambayar da za ta yi masa amfani ko'ina: duk wanda ya ce maka "hutu ne kawai" ko "kimiyya ta ce", nemi ya faɗa maka mutum nawa aka bincika, shekara nawa aka bi su, kuma mi aka tanadar wa masu jira.