Zanen Barkwanci da Tsohon Miki: Nazari a kan Hoton Serena Williams a Jaridar Herald Sun

A ranar 8 ga Satumba, 2018, Naomi Osaka ta doke Serena Williams da ci 6-2 da 6-4 a wasan ƙarshe na gasar tanis ta US Open a birnin New York. A cikin wasan, alƙali Carlos Ramos ya hukunta Serena har sau uku: kan samun ishara daga mai horar da ita, da fasa raket, da kuma kiran sa ɓarawo. Daga baya aka ci ta tarar dala 17,000. Bayan kwana biyu, jaridar Herald Sun ta birnin Melbourne a ƙasar Ostireliya ta buga zanen barkwanci na Mark Knight a kan wannan dambarwa. Wannan zane shi ne abin nazarinmu.

Babu mai musun cewa Serena ta fusata, kuma haƙƙin ɗan jarida ne ya soki halayyar ɗan wasa komai shahararsa. Inda gizo ke saƙar shi ne irin siffar da mai zanen ya zaɓa. Ya fito da ita da ƙaton jiki da manyan leɓɓa, tana tsalle a kan fasasshen raket, ga robar tsotson jarirai yashe a ƙasa. Waɗannan kamanni suna da tarihi. Da su aka riƙa muzanta baƙar fata a Amurka tun ƙarni na 19, lokacin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi domin a yi dariya. Mai zanen ya ce ɗabi'a ya nufa, launi bai zo masa a rai ba. Sai dai alƙalami yakan ɗauko abin da ido ya saba gani, ko da mai shi bai yi niyya ba.

Hujja mafi ƙarfi tana can gefen hoton, inda aka zana Osaka siririya, mai hasken fata, alƙali yana roƙon ta ta bar Serena ta ci. Gaskiya ne ta rina gashinta a lokacin, amma mahaifinta mutumin Haiti ne, mahaifiyarta kuma 'yar Japan. Domin fushi ya zama baƙi, sai da aka mayar da natsuwa fara. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba: an ƙasƙantar da wadda ta faɗi, an kuma shafe asalin wadda ta ci.

A wannan birni na Melbourne aka kori John McEnroe daga gasar Australian Open a 1990 saboda zagi da jifa da raket. Jaridu sun kira shi sangartacce, amma fushinsa ya tsaya a kansa shi kaɗai, ba a ɗora wa jinsinsa ba. Serena kuwa ta daɗe tana ɗauke da kayan da ba nata ba. An yi mata ihu a Indian Wells a 2001, har ta ƙaurace wa gasar sai 2015. A 2014 shugaban hukumar tanis ta Rasha, Shamil Tarpischev, ya kira ta da yayarta Venus 'yan'uwa maza, aka dakatar da shi shekara guda.

A watan Fabrairu na 2019, Majalisar 'Yan Jarida ta Ostireliya ta yanke cewa zanen bai saɓa ƙa'idojinta ba. Hukuncin ya wanke jaridar, amma ya auna niyyar mai zane fiye da tarihin siffar da ya ara. Tun 1957 Althea Gibson ta lashe Wimbledon, Serena kuma ta ɗaga manyan kofuna 23 ita kaɗai. Wasan ya buɗe ƙofarsa tuntuni. Abin da ya rage wa 'yan jarida shi ne su soki baƙar 'yar wasa da ma'aunin da suka soki McEnroe: a kan abin da ta aikata, da fuskarta ta gaskiya.