Maciji da Taswira: Littafin Kamara Laye

Kai mai karatu, in kana da ɗa a lakwal, ko kana shawarar sa shi, ga wani littafi da ya kamata ka ji labarinsa. Sunansa L'Enfant noir, wato Yaro Baƙar Fata. Kamara Laye ne ya rubuta shi da Faransanci, aka buga shi a Paris a 1953. Laye mutumin ƙasar Gine ne. An haife shi a 1928 a garin Kurusa, bakin kogin Kwara, wannan kogi dai da ya biyo ta Yamai. Labarin ƙuruciyarsa ne ya bayar, tun yana wasa a ƙofar maƙera har ranar da ya hau jirgin sama zuwa Faransa.

Ubansa maƙeri ne, yana ƙirar ƙarfe, yana ƙirar zinariya. In mace ta kawo zinariyarta, takan zo da maroƙi ya yi ta wasa maƙerin har a gama aiki. To, akwai wani ɗan baƙin maciji da ke shiga maƙerar. Duk macijin da aka gani a gidan kashe shi ake yi, ban da wannan. Uban yakan shafa shi, shi kuma ya naɗe ƙarƙashin buzun da uban ke zaune a kai. Kan gidansu ne. Kai da ka tashi a karkara ba sai an yi maka bayanin kan gida ba.

A nan littafin ya fi daɗi, a nan kuma ya fi ciwo. Wata rana da dare yaron ya tambayi ubansa asirin macijin. Uban ya faɗa masa cewa a mafarki ya fara ganinsa, kuma shi ke sanar da shi abin da zai faru. Daga nan ya nuna masa tsoronsa. Yaron kullum yana lakwal, ba ya zama kusa da shi, ta yaya zai gaji wannan abu? Yaron ya kwanta, barci ya ƙi zuwa. Maƙera ko lakwal? Ka lura da kyau, uban bai hana shi ba, bai ko yi masa faɗa ba. Ya dai gane tun da wuri cewa macijin ba zai zo wa ɗansa ba. A ganina, duk sauran littafin daga wannan dare ya fito.

Uwar ita ma ba ta rasa nata ba. Kada ne kan gidan ubanta, shi ya sa take ɗibar ruwa a kogi ba tsoro, ko lokacin da sauran mata ke gudun bakin ruwa. Da yaron ya kai shekara 15 zai tafi makarantar koyon sana'a a Konakiri, ta ba shi kwalbar rubutu da zuma daga malaman Kankan, don karatu ya zauna masa. Ka ga abin mamaki. Da hannunta ta ba shi maganin karatun da zai raba ta da shi.

A Konakiri ya zauna gidan ƙanen ubansa, Mamadu. Ya yi ƙoƙari, ya ci jarrabawa. Sai shugaban makaranta ya ce akwai hanyar tafiya Faransa. Laye ya amsa nan take, bai shawarci kowa ba. Wannan shi ne buri, yana riga tunani fita daga baki. Da ya koma Kurusa, uban ya yarda, ya kuma raka shi wurin uwar don su faɗa mata tare. Ta yi faɗa, ta ce Turawa na ƙwace mata ɗa, daga baya faɗan ya koma kuka. Marubucin bai ce ita ke da gaskiya ba, bai ce uban ne ba. Ya bar maka shari'ar, kuma na yaba masa a kan haka.

Amma littafin yana da inda ya gaza. Zamanin mulkin Faransa ne, Gine ba ta sami ƴanci ba sai 1958, aikin tilas kuwa sai 1946 aka hana shi. Duk da haka ba za ka ji labarin aikin tilas ko wahalar haraji a ciki ba. Mongo Beti, marubuci ɗan Kamaru, ya soki Laye a kan wannan, kuma sukar tana da tushe. Tsofaffinmu da suka ga wancan zamani ba su ba da labarinsa da sanyi haka. Sai dai ka tuna, Laye yana baƙunta a Faransa ya rubuta shi, yana aikin leburanci, kewar gida na cinsa. Mai kewar gida tuwon uwarsa yake tunawa kafin sandar dogari.

Yanzu dubi yadda ya rufe labarin. A farkon littafi hanyar jirgin ƙasa ta bi ta bayan dangar gidansu, har tartsatsin wuta kan kama dangar. Wannan jirgi ne ya fara ɗauke shi zuwa Konakiri. A ƙarshe ga shi cikin jirgin sama, ya sha kuka. Sai ya ji wani abu ya yi tudu a aljihunsa. Taswira ce ta jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris, wadda shugaban makaranta ya ba shi don kada ya ɓata. Uban yana da maciji mai nuna masa abin da ke gaba. Ɗan kuwa takarda ya samu, kuma sai wanda ya iya karatu take yi wa jagora. Laye bai gaya maka wanne ya fi ba, a kan taswirar nan ya ajiye alƙalami.

Ya koma Gine a 1956. Daga baya ya saɓa da gwamnatin Seku Ture, ya yi hijira zuwa Senegal, a Dakar kuma ya rasu a 1980.