Sabon mai bincike da littattafan da ba ya iya karantawa

Ɗalibin da ya gama karatun kimiyyar harshe a Yamai, ya kama aikin kundinsa na farko a kan hausa, da faransanci aka horar da shi. Amma manyan littattafan da aikinsa zai dogara a kansu kusan duka cikin wasu harsuna suke. Ƙamus na Bargery (1934) da na Abraham (1949) da ingilishi aka rubuta su. Rabon aikatau zuwa rukuni bakwai, wanda Parsons ya gabatar a 1960, kuma kowa ke aiki da shi, shi ma da ingilishi ne, cikin wata mujalla ta Jamus. Nahawun Wolff (1993) da jamusanci yake. Na Newman (2000) da na Jaggar (2001) da ingilishi. Saye littafi a aza bisa kanta bai isa ba, in wanda aka saya dominsa ba ya iya buɗe shi ya amfana.

Illar wannan ta wuce wahalar karatu. Waɗannan littattafai hausar Kano suka ɗauka ginshiƙi. Sabon mai bincike da ya samu labarinsu ta bakin malami kawai, sai ya riƙe ƙa'idar Kano ba tare da sanin iyakarta ba. Mun taɓa duba wani kundi inda ɗalibi, ɗan Adar ne kuwa, ya jera "sunka zo" da "tahi" da "rigas sarki" cikin kurakuran masu magana, don ya ga "suka zo" da "tafi" da "rigar sarki" a takardun darasi. Maganar uwarsa ce ya soke. Da ya karanta Bargery da kansa, da ya ga yadda mutumin ya yi ta nuna kalmomin Sakkwato da Katsina da sunan garinsu.

Abin mamaki, abin da aka rubuta da faransanci a kan hausarmu shi ne ya fi wuyar samu. Binciken Claude Gouffé a kan hausar Dogonduci a warwatse yake cikin mujallun Turai. Littafin Bernard Caron a kan hausar Adar a Balin aka buga shi a 1991. Kundayen ɗalibanmu kuwa, in ba a jera sunayensu wuri ɗaya ba, na Damagaram ba zai san abin da na Yamai ya riga ya yi ba, sai ya sake shi daga farko.

Za a ce intanet ta warware matsalar. Ta rage ta, gaskiya ne: ana iya neman kalma cikin Bargery ta kwamfuta. Sai dai intanet ba ta koya wa kowa ingilishi na nahawu, ba ta kuma gaya wa ɗalibi cewa Gouffé ya wanzu.

A ganinmu, kafin a ƙara sayen littattafai, a fara da jeri ɗaya na duk abin da aka rubuta a kan karorin hausar Nijar, tare da bayanin layi biyu ko uku a kan kowane, da hausa da faransanci. Sannan a sa darasin karanta ingilishi cikin horon masu bincike tun shekarar farko. Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci su ne za su fara cin moriyarsa, domin su ke yanke shawara ko "sunka" za a buga wa manomin Tawa ko "suka".