Jinjina ga Detroit Drive

A birnin Detroit na Amurka an taɓa yin wata ƙungiya da ba ta daɗe a duniya ba, amma ta bar abin faɗi. Sunanta Detroit Drive, sana'arta ƙwallon Amurka irin na cikin rufaffen zaure, inda 'yan wasa takwas-takwas ke karawa a fili mai tsawon yadi 50.

Attajiri Mike Ilitch ne ya kafa ta a 1988, gidanta kuma zauren Joe Louis. Kaka shida kacal ta buga, kuma a kowacce sai da ta kai wasan ƙarshe. Ta ɗauki kofi a 1988, 1989, 1990 da 1992, uku daga ciki a hannun koci Tim Marcum. Ƙungiyar Tampa Bay Storm ce kaɗai ta taka mata birki a wasan ƙarshe, a 1991 da 1993.

Bayan Ilitch ya sayi ƙungiyar Detroit Tigers, sai ya sayar da Detroit Drive. Aka mayar da ita Massachusetts a 1994 da sabon suna, ta yi kaka ɗaya ta ruguje. Duk da gajartar kwananta, Detroit Drive ta cancanci a jinjina mata.