Wanne ne na asalin?

A 2017 Giles Martin ya sake haɗa sautin Sgt. Pepper na Beatles, faifan da mahaifinsa George Martin ya shirya a 1967. Wasu masoya suka tada jijiyar wuya, wai an taɓa kayan tarihi. To, ni dai ban bi su ba. Sitiriyon da suke karewa, Beatles ba su ma zauna wurin haɗa shi ba, hankalinsu na kan mono. Shi Giles monon ya bi, ya maido ganga da murya tsakiya, kiɗan ya ƙara nauyi a kunne. Tsorona guda ne, ƴan uwa: kar kamfani ya janye tsohon, ƙannenmu su tashi ba su da abin gwadawa.